Aku Ya Kira Sunanka

Malbaza, 9 ga Maris, 1991

Zuwa ga Yaya Ɗahiru, a Abijan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyalinka, ya ƙara maka buɗi a kasuwa, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya soma. Maigida yana kan hanya da motar siminti kamar kullum, ɗiyarmu Ladi ta shiga lakwal bana, ta soma karatun boko, Inna kuwa ƙafarta ta yi sauƙi tun da ta baro Bazaga ta dawo wurinmu, ko da yake har yanzu ba ta doguwar tafiya.

Maganar tsuntsu ce ta sa na ɗauki alƙalami, kada ka yi dariya tukuna. Bara maigida ya zo da aku daga Kwatano, mai ruwan toka da jar wutsiya, wai don yara. Da farko ya yi tsit kamar baƙon kirki, da ya sha ruwan gari sai ya buɗe baki. Ya iya jiniyar kamfanin siminti, ya iya kukan jakin mai ruwa, har tallan fura yana yi, mutane su leƙo da ƙwarya su tarar da tsuntsu. Maƙwabcinmu Labo aikin dare yake yi a kamfanin, da rana yake barci, katanga ce kawai tsakaninmu. Ba sau ɗaya ba ya zabura ya sa takalma don ya ji jiniya, sai a bakin ƙofa ya gane tsiyar daga gidanmu take.

Ba abin da ban gwada ba. Na rufe kejin da tsohon zane, ya yage shi. Na mai da shi bayan ɗakin girki, ya ƙara murya don ba ya ganin kowa. Wata ta ce in cika masa gyaɗa mai ɓawo ya shagala da ɓara, ya ɓare, ya ƙoshi, ya dawo da sabon ƙarfi. Abin da na lura shi ne yana lafawa in Inna na kusa, don da hantsi in na tafi cefane ita ke jan tabarma ta zauna gefen kejin tana tsince wake. Duk da haka maigida ya gaji da ba Labo haƙuri, ya ce zai kai shi wurin wani abokinsa a Konni, ni ma ban hana ba.

Ana nan sai Kande matar Labo ta shigo da ƙara, ta tarar da Gwaggo Asabe ta zo duba Inna, muna zaune tsakar gida. Kande na cikin lissafo laifin tsuntsu, sai ya karkata kai, ya yi ɗan tarin nan na Inna, ya ce da muryarta sak: "Ɗahiru, ka ci abinci?"

Ka san Inna. Kai ne ɗan farinta, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. In takardarka ta zo ana karantawa, tashi take ta ce za ta duba awaki. In dole ta kama, sai ta ce "mutanen can". Kai kuma tsuntsun nan bai taɓa ganin ka ba, mu ma Yaya muke ce maka, don haka ba sai an tambayi inda ya koya ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar Inna ta ƙi ba da labari, aku ya bayar. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali, Kande ta ce ta bar tukunya a wuta ta fita. Inna ta ɗauki faifan wakenta ta shige ɗaki, ranar ba ta ƙara fitowa ba sai alwala.

Washegari ita da kanta ta ce wa maigida ya tafi da shi, wai tsuntsu ne marar kunya. Ya ɗauko kejin zai sa a mota, na ga ta tsaya bakin ƙofarta tana kallon ƙasa, tausayinta ya kama ni. Na ce ya dakata, ɗakin Inna yana can ƙurya nesa da katangar Labo, a gwada sa shi ciki. Ta ce ita ba ruwanta, amma ta matsar da akwatinta. Yanzu can yake wuni, in an ja ƙofa ba mai jin sa, Labo yana barcinsa, har ya aiko da gyaɗa. Abin da shi da Inna suke faɗa a ciki ban sani ba, na kuma hana yara laɓewa.

Ba na ce ka bar kasuwarka ba ne, Yaya, na san zaman can ba daɗi ke riƙe ka ba. Amma rabonka da gida tun kafin rasuwar Baba, kuma Inna tsufa take, ba ta ƙara ƙarfi. Na faɗa maka abin da na gani, saura ya rage naka.

Ka gaishe da matarka Tsahara da yara, da Kawu Abarshi in kuna haɗuwa, da Isufu ɗan Gwaggo, ka ce masa uwarsa na cigiya. Maigida da Ladi suna gaishe ka. Inna ba ta ce in gaishe ka ba. Da ta ga ina rubutu, ta tsaya kaina ta ce: "Ki tambayi mutanen can, in da mai tahowa shi riƙo ma tsuntsu kwakwar manja, an ce ita suka ci a ƙasarsu. Kada a aiko ta hannun direba, lalacewa takai bisa hanya."

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Lauratu