An Raka Mama da Kuge

Akhmim, ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Wagdi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Samiha da yara, da kantin maganin nan naka da ba ya iya yini ɗaya babu kai. Mu nan lafiya, in ka cire cewa mun binne uwarmu.

"Mama, ko ina bangon duniya zan zo, kuma ni da bakina zan ja miki doguwar muryar makoki daga farko har ƙarshe, ke da Baba gaba ɗaya." Maganarka ce. Bara ka faɗe ta a ɗakinta, hannunka a goshinta, ina tsaye riƙe da tasar wanke hannu. Iskandariyya kuwa ba bangon duniya ba ce, kullum jirgin ƙasa na tasowa daga can.

Ka san abin da ya sa ta ƙwallafa rai a kan muryar nan. Baba ya rasu a Makon Shan Wahala, makon tunawa da gicciye Almasihu, lokacin da coci ba ta yi wa kowa waƙar jana'iza sai Almasihu kaɗai. Aka yayyafa wa akwatinsa ruwan addu'a, aka yi karatun ranar, aka fita da shi shiru. Har ta tsufa tana cewa an fitar da Fahim kamar buhun albasa. Abin da take jira shi ne ranar tata, a rera musu su biyu. Sai ga shi ta cika a cikin kwana hamsin na bikin Tashin Almasihu, lokacin da ko gawa da muryar farin ciki ake raka ta.

Da na kira ka a waya ba ka tambaye ni ko ta sha wuya ba. Cewa ka yi, "Yaya, ai a kwana hamsin ba a yin muryar makoki, ko na zo ba za a bar ni ba." Ban taɓa ganin mutum ya sami maɓoya a cikin kalanda da sauri haka ba. Na girme ka, ni na yi jinyarta, amma duk garin nan Ummu Wagdi ake kiranta, kuma kowa ya shigo gaisuwa sai ya waiga yana neman Wagdin.

Da na rasa ka sai na kai fushina wurin limamin cocinmu, Abuna Bisada. Na same shi yana cire takalmi zai shiga bagadi, na zazzage masa duk abin da na karanta. Na tuna masa Almasihu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru, Dawuda ya yi wa ɗansa kuka har rundunarsa ta ji kunya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Nargis, tun kina ƙarama ba mai cin ki gardama, ni ma ba zan gwada ba. Amma ba ni na zaɓa mata ranar ba." Har ya ƙara da cewa gidan Fahim ba su iya duba lokacin mutuwa ba. Na ce masa Allah ya sa shi ma ya mutu a kwana hamsin, ni zan fara yi masa guɗa. Ya ce ya riƙe ni da wannan alkawari, tunda gidanmu an san mu da cikawa. Kai ya soka, ni na ji zafin.

Yanzu ka saurari abin da ka rasa, don ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Na shiga coci da baƙaƙen kaya da baƙin ciki, na ɗaure fuska don kowa ya san ban yarda ba. Aka shigo da ita. Sai aka buga kuge. Maza masu fararen riguna suka ɗaga hoton Tashin Almasihu, suka soma zagaya coci da shi, akwatin Mama na biye a kan kafaɗu. Ka san yadda ta ƙanƙance a ƙarshe. Akwatin ba nauyi, yana tafe bisa kawunan mutane cikin hayaƙin turare kamar kwalekwale a kan Nilu. Suna rera cewa Almasihu ya tashi daga matattu, ya tattake mutuwa da mutuwarsa. Kalmomin da muke ji duk shekara muna hamma, hankalinmu na kan naman buɗe azumi da ke jira a gida. Amma ban taɓa jin an faɗe su ga gawa a hannu ba.

Gwaggo Zahiyya, wadda tun asuba take marin fuskarta, sai kawai ta saki guɗa. Matan layinmu suka ɗauka. Na juya zan tsawata mata, na ji bakina na amsawa tare da jama'a, "Hakika ya tashi." Tsigar jikina ta tashi. Tsoro ne ya kama ni, Wagdi. Ba lallashinmu ake yi ba, ba wanda ya kula da mu. Mutuwa ake yi wa gori ido da ido, ga abin da ta kama a kafaɗunmu, ana gaya mata ba nata ba ne. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'yan mata waƙoƙin makoki na Larabawa, ban san akwai abin da ake cewa bayan kuka ba sai ranar nan.

A hanyar maƙabarta na yi ta tunaninsu. Shi ya fita shiru a makon gicciye, ita ta fita da kuge da guɗa. Haka suka yi zaman aurensu, don haka watakila wanda ya zaɓa musu ranakun ya fi mu saninsu.

Sai dai har yau ban yi kuka ba. Kuma abin da ta roƙa ba a yi mata ba. Arba'in ɗinta zai faɗo bayan kwana hamsin sun fita, kuma Abuna ya yarda a ja doguwar muryar bayan sujada, da sunanta da na Baba. Kalandar da ta ɓoye ka ta dawo da kai fili.

Ka gai da Samiha, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Nargis

Akhmim, ranar Lahadi

Ƙanena Wagdi,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyar maƙogwaron da ka ce taba ta cinye. Allah ya ba shi sauƙi kafin Asabar.

Saƙonka ya iso, da kaset ɗin babban mawaƙin cocin nan na Alƙahira da ka ce a kunna a madadinka. Mun saurara ni da Gwaggo muna gyaran wake. Ba aibu a ciki ko kaɗan. Da ya ƙare ta tura mini rediyon ta ce, "Muryarsa kamar zuma, amma wannan bai taɓa cin marin Ummu Wagdi ba." Na mayar maka da shi cikin ambulan ɗin nan.

Ka ce ka manta muryar. Ba ka manta ba. Na san abin da kake gudu. Akwai wurin nan a tsakiyar Zabura inda kalmomi ke ƙarewa, a kama wasali ɗaya a yi ta ja, ana hawa ana sauka, har mutum ya rasa inda zai ɓuya. Kana tsoron in ka kai nan za ka karye a gaban mutanen garinku. To ka karye. Waɗanda suka gina muryar nan tun kafin kakannin kakanninmu, don karyewar suka bar wannan fili. Na ga abin da muryar farin ciki ta yi mini ban shirya ba, ina jin tsoron wannan fiye da kai, amma ina so.

Ka tuna lokacin da malamin waƙa ke koya maka a kan soro? Ba a koya wa mata, don haka ni ina ƙasa ina wanki. Mama kan tsaya da kwaɓin burodi, hannu cikin gari, har sai ka kai wurin da numfashinka ke ƙarewa ka saci wani, sai ta yi murmushi ta ce, "Ɓarawon ya sata." Farar rigarka ta hidimar coci tana nan cikin akwatinta, a goge. Duk shekara sai ta fito da ita ta sake gogewa.

Arba'in ranar Asabar ne. Zan je tasha ranar Juma'a in jira jirgin yamma, da rigar a hannuna. In ka sauko, ba zan ƙara tayar da maganar waya ba har abada, ka kuwa san yadda shiru ke yi mini wuya.

In ba ka sauko ba, zan miƙa rigar ga coci a ba mai bukata. Mace ba ta jan waƙa a gaban bagadi, na sani, amma na tambayi Abuna batun maƙabarta, ya ce shi a can kunnensa ba ya ji sosai. Bayan sujada zan tafi da Gwaggo da duk wanda ya biyo mu, in tsaya a kan Mama da Baba, in ja ta daga farko har ƙarshe da muryar nan tawa da Mama ke cewa tana hana kaji ƙwai. Daga bakinka na koye ta, ta cikin rufin soro. Inda kake satar numfashi nan zan sata, kuma ita za ta gane wanda ya kamata a ce yana tsaye a wurin.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Nargis Fahim