Takardar da Ke Kan Tankin Jar Mota

Toledo, Ohio
3 ga Afrilu, 2012

Zuwa ga Kawu Orville,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka. Na buga maka waya sau biyu, kana ta cewa "wa ke magana?" har na haƙura. Tunda kunnen ya ƙi, ga takarda.

Wata bakwai ke nan da rasuwar Baba, sai makon jiya na iya buɗe garejinsa. 'Yata Tessa za ta yi aure a watan Yuni, ta kafe sai a jar motar kakanta, Chevelle, za a kai ta coci. Mijina Russ ya sa sabon batir, mota ta tashi bugu ɗaya. Matsalar ita ce famfon mai na lantarki da Baba ya ɗaura mata shekara uku da suka wuce. Da ka murɗa makulli sai ya kama kuka daga baya, in an yi minti goma ana tafiya har ya fi injin ƙara. Russ ya ce a sayi sabo kawai. Na ce masa shi mai sayar da kafet ne, ya bari in tambayi wanda ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin mota, kuma aminin Baba tun suna 'yan makaranta.

Me zan duba? Ka gaida mutanen Paintsville.

'Yarka,
Corinne

Paintsville, Kentucky
9 ga Afrilu, 2012

Zuwa ga 'yata Corinne,

Bayan gaisuwa, na samu wasiƙarki, na kuma yi murna da auren Tessa. Allah ya jiƙan mahaifinki Leland.

Kada ki sayi komai tukuna. Mijinki mutumin kirki ne, amma a bar shi da kafet ɗinsa. Ba ki gaya mini irin kukan ba. In ƙugi ne kamar ƙudan zuma a gwangwani, duba ko famfon yana taɓa ƙarfen mota kai tsaye. Ubanki ba ya son sa roba a tsakani, wai ɓata lokaci ne. Ki sa masa roba mai kauri. Sai wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfe: kwance ta, goge tsatsar har wurin ya yi ƙyalli, ki mayar. Ki tabbata famfon yana ƙasa da tanki, domin irinsa turawa ya iya, bai iya zuƙa daga nesa ba.

In kuwa kukan siriri ne, yana ƙaruwa in mota ta yi zafi, to yunwa yake ji, mai ba ya isa gare shi. Sassauta murfin tanki ki saurara. Buɗe matatar da ke gabansa ki ga abin da ta tara. Ki bi tiyo da hannu ko ya lanƙwashe. Ki yi duk wannan ƙofar gareji a buɗe, kuma kada kowa ya kunna taba.

Naki,
Orville Tackett

Toledo
17 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa. Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Roba ta rage ƙugin, amma siririn kukan yana nan, har karen maƙwabta yana taya shi. Matatar man kuwa cike take da jan gari kamar an niƙa bulo. Na sa sabuwa, kwana biyu ta sake cika. Russ ya ce ke nan cikin tankin ne ya yi tsatsa, kuma wannan karon na yarda da mai kafet. Ranar Asabar za mu tsiyaye man mu sauke tankin.

A huta lafiya.
Corinne

Paintsville
20 ga Afrilu

Corinne,

Ina gaishe ki. Kada ki sauke tankin nan. Aiki ne mai haɗari, ba naku ba ne. Ki rufe garejin ki jira ni, zan hau bas in zo a farkon Mayu in yi da hannuna. Ki ji maganata.

Orville

Toledo
24 ga Afrilu

Kawu Orville,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta iso jiya Litinin, mu kuwa tun Asabar muka sauke. Gaskiyarka ce a kan yunwar: 'yar rariyar da ke cikin tanki ta toshe da tsatsa gaba ɗaya. Ba wannan ne ya sa na rubuto ba.

A saman tankin akwai wata tsohuwar takarda manne, ta yi ruwan ƙasa. Russ ya ce ta masana'anta ce, wadda ake liƙa wa mota ranar da aka haɗa ta. Na ɗauko ta da murna, na ce zan sa ta a gilashi in ba Tessa. Da muka karanta sai muka ga lambar da ke jikinta ba ita ce ke ƙarƙashin gilashin gaba ba, ba kuma ita ce a takardun Baba ba. Launin da aka rubuta kore ne. Russ ya kankare fenti kaɗan a cikin but ɗin motar. Kore ne a ƙasa, Kawu.

Ina da hotona ina jaririya, Mama tana riƙe da ni a kan bonet ɗin jar mota, 1970. Baba ya sha gaya mini ja ya saye ta sabuwa, a makon da aka haife ni. To wannan ta wace ce? Sata ce? Russ ya ce canza lambar mota laifi ne babba. Tun Asabar ban ci abincin kirki ba.

Kai da ka koya mini canza taya ina 'yar sha biyu, yau ka ce aiki ya fi ƙarfina. Ka san da takardar nan. Ka gaya mini.

Corinne

Paintsville
30 ga Afrilu, 2012

Zuwa ga Corinne,

Ina gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwata bayan kin gama karantawa.

Ba sata ba ce. Tawa ce. Rana ɗaya muka saye su ni da ubanki, tasa ja, tawa kore. Ban san tabbas ko takardar tana nan ba, tsoro na ji.

Mahaifiyarki Glenda ba ciwon huhu ne ya kashe ta ba kamar yadda aka gaya miki. Ranar Lahadi ce a watan Agustan 1974, da rana tsaka, bayan cin abincin coci. An bar ki wurin kakarki. Na tarar da su a mararraba, na jera motata da tasu na taka mai, na ce wa Leland motarsa ta zama ta masu iyali. Glenda ta ce, "Orville, ka girma mana." Dariya ta yi da ta faɗa. Muka tashi tare muna tsere. Ina hannun da ba nawa ba sai ga motar gawayi ta fito daga kwana. Na karyo da sauri, bayan motata ya bugi gaban tasu, suka faɗa kwari. Leland ya karye a haƙarƙari uku. Ita ta rayu kamar minti ashirin. Ni ne a wurinta, domin shi ya suma. Ta yi magana kaɗan.

Ubanki ya gaya wa 'yan sanda taya ce ta fashe, kuma shi kaɗai ne a hanya. Direban gawayi bai tsaya ba. Ban roƙe shi ya rufa mini asiri ba, ban kuma hana shi ba.

Kina da shekara huɗu. An ce miki Mama tana asibiti, daga baya aka ce ta rasu. Ba ki yarda ba. Kullum kina bakin taga, kina cewa a jar mota ta tafi, in motar ta dawo za ta dawo. Kin daina cin abinci. Leland ya zo garejina, na miƙa masa makullin motata. Muka gyara gefen da ya lotsa, muka yi mata jan fenti, muka cire lambar tasa daga tarkacen muka ɗaura. Da kika ga motar ta shigo babu ita a ciki, kika yi kuka yini guda, washegari kika ci abinci. Kafin Kirsimeti ya ɗauke ki zuwa Toledo. Kakarki ta sani, ta tafi da shi kabari.

Sau uku na ce masa mu gaya miki. Na ƙarshe a asibiti ne bara, ya girgiza kai. Ba na ɗora masa. In kin ga ya kamata ki kai wannan takarda wurin hukuma, ki kai, na sa hannu da cikakken sunana.

Orville Dean Tackett

Toledo
14 ga Mayu

Orville,

Na samu wasiƙarka. Na karanta wa Russ, ban gaya wa Tessa ba tukuna. Ban kai ta ko'ina ba, ban kuma yanke shawarar abin da zan yi da ita ba.

Ka ce ta yi magana kaɗan. Kada ka rubuto mini. Zan zo Paintsville ranar Asabar da hantsi, ni kaɗai. Ina so in ga fuskarka lokacin da za ka faɗa, sannan ka kai ni kwanar.

Sai na zo.
Corinne