Kwatancen da Ya Ɓace a Hanya

Laraba, bayan isha'i.

Yau Malam Rasaki, babbanmu a ofis, ya tsare ni gaban kowa, wai shafin kai saƙo da na gina ne ya sa masu babur suka wuni suna bulayi a Rijiyar Lemo da kayan mutane.

Ko abincin rana ban ci ba, na zauna na bi hash ɗin adireshin, wato kundin bayanansa a manhajar, daga method zuwa method, wato daga wannan sashen aiki zuwa wancan. Nawa method ɗin yana miƙa shi cikakke: suna, unguwa, kwatance, kowane key, wato gurbi, da bayaninsa. Ashe na Malam Rasaki ne ke goge kwatance, wai lambar gida ta isa! A Fagge? Wa ya taɓa gane gida in ba a ce masa "bayan injin markaɗe" ba? Kuma hash ɗaya ake miƙawa, ba kwafi ba. In ya goge a wurinsa, ya goge wa kowa.

Na nuna masa layin umarnin da ya rubuta mai gogewar. Ya ce, "Gyara kawai, ƙanwata, ba sai an ji ba."

Gyara kam na gyara. Amma gobe a taron safe zan haska layin a bango. A gaban mutum shida ya shafa min kashin kaji, a gabansu zai wanke ni.