Sunana Ba Ya Cikin Wayar Zuera

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Mun dawo daga asibiti. A trotro, motar haya, Zuera ta juya mini baya tana kallon taga. Shekararta sha shida, ni na haife ta, amma sai a bakin malamar ajinsu na ji wai ta gaji da rayuwa, har tana tunanin kashe kanta. Nas ta fitar da ni waje, suka yi kusan awa guda su biyu. Ta sa mata wata manhaja a waya. A ciki za ta rubuta abin da ke tayar mata da tunanin, abin da ke kwantar mata da hankali, da mutanen da za ta kira in abin ya taso. Ni kuma an ce in kulle magungunan gidan. Na kulle.

Laraba, 8 ga Mayu
Na duba wayarta tana wanka. Allah ya yafe mini.
Mutum uku ne: Anti Fulera, malamarta, sai nas. Na ja ƙasa, na sake ja. Babu Mma, wato ni.

Alhamis, 9 ga Mayu
Fulera! Ƙanwata da na goya a bayana. Tela ce kawai a Maamobi, ko zafin naƙuda ba ta sani ba. Astagfirullah. Na dai riga na rubuta.
Yau a kasuwar Nima sau biyu ina yanka wa mutane atamfa a karkace.

Lahadi, 12 ga Mayu
Na yi tuwo da miyar ayoyo don Zuera. Ta dawo daga shagon Fulera da zare a gashi, tana murmushin da rabona da gani tun ƙaramar salla. "Na ci a wurin Anti." Ya kamata in yi murna. Na rufe tuwon, na zauna ina kallon murfin.

Juma'a, 17 ga Mayu
Na je Maamobi bayan an sauko daga masallaci. Ko zama ban yi ba.
Na ce, "Me take gaya miki?"
Ta ce, "Yaya, in na gaya miki yau, gobe ba za ta gaya wa kowa ba. Ranar da na ga haɗari, ke zan fara kira."
Na ce to me take yi mata da ni ba na yi. Tana kan keken ɗinkinta ta amsa:
"Ba na ce mata komai. Maɓallai nake ba ta ta ware."
Maɓallai. Shekara sha shida ina wahala, maɓallai suka fi ni.

Talata, 21 ga Mayu
An ba su Zuera sakamakon jarrabawar gwaji, ba ta yi kyau ba. Ta fito daga makaranta, ta tsaya a mahaɗar Kawukudi da rana tsaka, ta kasa gaba ta kasa baya. Ta buɗe manhajar, ta danna sunan farko. Fulera ta bar shago a buɗe, ta hau tasi, ba ta ajiye wayar ba har ta kama hannunta. Daga nan ta kira ni, muka haɗu wurin nas.
Tana da rai. Tana ɗaki tana barci.
A asibiti kan kafaɗar Fulera ta kwantar da kai. Ni ina riƙe da jakar makaranta.

Laraba, 22 ga Mayu
Da ni ta kira, na san abin da zan ce. "Me kika rasa a gidan nan? Yi istigfari." Kuma da ƙarfi zan faɗa.

Asabar, 25 ga Mayu
Har yanzu in na ji ta ce "Anti" sai in kau da kai.

Lahadi, 2 ga Yuni
Ruwa tun asuba, kwatoci sun cika. Fulera ta shigo jiƙe jagab, ido jawur. Wayarta ta faɗa kwata, an ciro, ta ƙi kunnuwa. Mai gyara sai Laraba.
Kwana uku. Zuera kuma gobe za ta koma makaranta.
Na cire layina, na sa nata a wayata, na miƙa mata. Ta ce, "Yaya, masu sayen kayanki fa?" Na ce sun san hanyar rumfata. Na ce kada ta kuskura ta bar cajin ya ƙare, kuma kada ta gaya wa yarinyar. Ba don Fulera na yi ba, ta sani.
Da la'asar na ari wayar maƙwabciyata Suweiba, wai zan yi gaisuwa. Lambar Fulera na gwada. Fulera ta ɗauka tun ƙarar farko, tana haki: "Zuera?"
Haushi ya kama ni, na kashe.
Sai kuma na ji yunwa. Na cinye tuwona tas.