An Kankare Gwaggo Tana Raye

Darrasa, Alƙahira.

Zuwa ga Baffa Illiyasu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Indo da yara, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar nan. Karatu sai godiya. Aikin idon Gwaggo Hassumi ya yi kyau, yanar ta tafi, har ta fara yi min faɗa wai ashe haka ɗakina yake a hargitse ba ta sani ba. Na so a ce labarin ya tsaya nan, Baffa, amma bai tsaya ba.

Ka san Yaya Ukasha ne ya kawo ta. Da zai koma Gusau ya ce min likita ya ce sai ta shekara a nan ana duba ta, fasfonta kuma ya ba wani a yi mata takardar zama. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar Juma'a abokiyar zamana Samah, Bahaushiyar Sudan da ke karatun kayan tarihi a Giza, ta baje hotunan bangayen gidajen bautar mutanen Fir'auna a tabarma tana nazari. Gwaggo mai sabon ido, komai sai ta duba. Ta ɗauki ɗaya mai sarakuna biyu a jere, tsayinsu ɗaya, adonsu ɗaya, ta ɗauki wani da aka kankare ɗayan daga jikin dutsen, sai gurbinsa kawai. Samah ta yi mata bayani, wai sarki ne ya mutu ya bar yaro ƙarami, gwaggon yaron ta riƙe mulki tare da shi, masu sassaƙa suka riƙa fito da su kafaɗa da kafaɗa, har gemun sarauta suka sa mata. Bayan ta mutu da shekaru, a zamanin mulkin yaron, aka bi bango ana share ta. Gwaggo ta daɗe tana shafa gurbin da yatsa, sannan ta ce ai wannan yaron yana da kunya, tunda ya bari sai da ta mutu.

Na tambaye ta me take nufi. Na matsa mata har ta faɗa min. Allon shagon yadin da ke ɗauke da sunanta da na Yaya tun rasuwar Baba, ashe an sake masa fenti kafin su taso. Warin fentin ta ji, ya ce sabuntawa ce kawai, sai da wata mai sayayya ta karanta da ƙarfi sannan Gwaggo ta gane babu sunanta. Makullan shago kuma a ƙofar asibiti ya karɓe, wai kada su ɓata. Ta ce ta yi shiru ne don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Washegari na koma wurin likitan. Ya ce khalas, wato an gama, mako mai zuwa ma tana iya hawa jirgi, shi bai taɓa maganar shekara ba. Na kira Yaya, ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya amsa cewa fasfon yana jakarsa a Gusau. Wai ta tsufa, ta huta, shago ɗaya ba ya son masu gida biyu. Baffa, matar da ta ƙi sake aure don ta riƙe mu, ta zaunar da shi kusa da ita a kan benci ɗaya tun bai iya auna yadi ba. Wallahi har yau ban iya haɗiye abin ba.

Bizarta za ta ƙare ƙarshen watan nan. Kai ne ɗan'uwanta, kai kaɗai yake jin nauyi. Don Allah ka je da ƙafarka ka karɓi fasfon, ka ba Malam Hadi maƙwabcinmu da zai dawo nan daga hutu. Maganar shago a yi ta tana zaune a wurin.

A gaida Inna Indo, da Humaira da jaririnta, da Rilwanu. Na tambayi Gwaggo ko tana da saƙo, ta ce a gaida Ukasha, a faɗa masa damina ta kusa kuma rufin shagon yana yoyo ta kusurwar gabas, ya kwashe shaddojin daga wurin. Na rubuta yadda ta ce, amma gaisuwar tata ce, ba tawa ba.

'Yarka mai neman albarkarka,
Azara