Tukunyar da Inna ta ƙwanƙwasa

Litinin, 2 ga Oktoba 2023
Yau ma Inna ta kira ni "baiwar Allah". Sau uku ina tambayarta wace ce ni, ta yi mini murmushin da ake yi wa baƙo. Shekara arba'in ina 'yarta. Na tafi lekol koyar da falsafa, ni da ban san inda uwata ta shiga ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Ƙanena Bashir ya bugo daga Indiya. Wai tsohon Bahindun da yake haya a gidansa ya ce a wurinsu komai sani ne guda ɗaya, shi ke kallo ta idon kowa. Jiki da suna da tunawa tukwane ne kawai. Sararin cikin tukunya da na waje ɗaya ne, ko ta tsage. Na ce masa mu Musulmi ne, kuma ba shi ke wanke wa Inna zane ba. Na kashe wayar.

Juma'a, 13 ga Oktoba
Na daka mata tsawa a kan sunana. Ta firgita. Astagfirullah.

Lahadi, 22 ga Oktoba
Na sayo tukunya daga Mirya, garin da Inna ta yi shekara talatin tana ginin tukwane. Ina ajiyewa ta miƙo hannu, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kasa kunne. Fuskarta duk ta tattaru wuri ɗaya, yadda na san ta ina yarinya.
"Ta tsage," in ji ta. "Ba ta riƙe ruwa. Amma kada ku yar, ku zuba gero."
Na duba, ga tsagar nan siririya. Na shiga ɗaki na yi kuka.
Ban karɓi addinin tsohon nan ba, Allah na sani. Amma mai saurare a cikin Inna yana nan, bai je ko'ina ba. Ni ce na nace sai ya riƙe mini sunana.

Talata, 31 ga Oktoba
Bayan la'asar mun zauna a inuwa, tana jin kukan kurciya, ni ma ina ji. Ta ce, "Baiwar Allah, zamanki da daɗi." Na ce na gode, Inna.
Na zuba geron. Bashir zan kira gobe.
Sai yanzu da nake rubutu na lura yau ban tambaye ta ba.