Na Ce Masa Ƙirjinsa Lafiya Lau

Zuwa ga Anti Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki ɓoye sunana. Sunayen da za ki gani a nan duk na canza su, ko da yake na san mata likitoci Hausawa ba mu da yawa a wannan yankin. In an gane ni, shi ke nan, na gaji. Yau kwana goma sha tara ina ɗauke da wata magana da ta hana ni sakat.

A Agege aka haife ni, fataucin goro ne ya kawo mahaifina Ikko. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, ni ce mai duba hoton eksire da yi wa masu ciki sikanin. Tun rigingimun da aka yi a garin nan mutanenmu ba sa son zuwa asibiti mai nisa da unguwa, sai su ce a je wurin 'yarmu, mai jin maganarmu. Mahaifiyata in ta shiga gidan biki ba a kiranta da sunanta, sai dai a ce ga uwar Likita. Na faɗa miki wannan ne don ki san irin yardar da aka yi da ni.

A watan jiya na je wani taron ƙara wa juna sani na likitocin hoto a Alkahira, na kwana shida. Lokacin mulkin soja ko takardar gayyata ba ta iso mana, sai yanzu aka fara tunawa da mu. Mai asibitinmu, Dokta Abdulganiyu, dattijo ne Bayarbe, shi ya sa sunana. Likitoci ne daga ƙasashe fiye da ashirin. Na tafi da murna, na cika littafi guda da rubutu, ina ta lissafin abubuwan da zan gyara in na dawo.

A rana ta huɗu wata tsohuwar likita 'yar Indiya ta zo ta koyar da mu hoton ƙirji. Sai ta haska hoto da majigi, ta ba mu minti ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya gani. Da aka zo wani hoto na rubuta babu komai, haka ma yawancin waɗanda ke kusa da ni. Sai ta ɗauki sanda ta nuna can saman huhun dama, bayan ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa. Wata 'yar inuwa ce ta laɓe a wurin. Ta ce mutumin ciwon kafaɗa kawai ya kai shi asibiti, likitan farko ya ba shi man shafawa, da ya dawo bayan wata bakwai ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinsa. Sannan ta ce ita ce likitan farkon.

Anti, ban ji sauran darasin ba. Malam Balarabe kawai nake gani.

Malam Balarabe direban tanka ne, yana ɗaukar mai daga Apapa zuwa Gusau da Sakkwato, iyalinsa suna nan unguwarmu. Zai yi shekara hamsin. Wata huɗu kafin tafiyata ya zo da ciwon kafaɗar dama mai sauka har hannu, da ɗan tari. Ya ce ya fi shekara talatin yana shan sigari, kuma wandonsa ya fara yi masa yawa. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Ranar an ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi bayan an gama ɗaukar hoton, ga marasa lafiya cike da baranda. Na ɗaga hoton a bakin taga na duba da hasken rana. Na ce masa ƙirjinsa lafiya lau, sitiyari ne ya gajiyar da kafaɗar. Ya yi dariya ya ce, "Alhamdu lillahi, Likita. Dama tsorona kada a ce tibi ne a raba mini kwano da 'ya'yana." Ya bar mini hoton, wai in ya sa a mota zafi zai lalata shi.

Washegarin dawowata na buɗe kabad na nemo ambulan ɗinsa, na manna hoton a akwatin haske. Inuwar tana nan, daidai inda matar nan ta nuna, girmanta zai kai dabino. Nan take na zare shi daga akwatin.

Na kai wa Dokta Abdulganiyu. Ya daɗe yana kallo. Ya ce mai yiwuwa tsohon tabo ne, mai yiwuwa tibi ne, mai yiwuwa kuma abin da nake tsoro ne, ba a sani ba sai an sake hoto an yi gwaji. Yakan kira ni omo mi, wato 'yata. Ya ce, "Omo mi, aika a kira shi, ki ce lokacin sake dubawa ne ya yi. Amma kada ki buɗe baki ki ce kin yi kuskure. Babu likitan da idonsa bai taɓa tsallake abu ba, sai dai unguwa ba ta san wannan ba." Ba mugun mutum ba ne, shekara talatin yana aikin nan, kuma tausayina yake ji.

Na bi maganarsa. Na ba wani direba saƙo zuwa Apapa cewa Malam Balarabe ya zo a sake duba shi. Amsa ta dawo wai a gaishe da Likita, ai ta riga ta wanke shi, kafaɗa kuma sai a hankali, layin lodi ba ya jiran mutum. Daga nan ya yi lodi ya tafi arewa. Ba shi da wayar hannun nan da aka fara riƙewa.

Shekaranjiya matarsa Batulu ta zo awo, cikinta wata bakwai. Ta kawo mini kilishi, wai tsarabarsa ce ta wancan zuwan. Ina goga mata na'ura a ciki tana ba ni labari, ta ce yanzu hannun ko buta ba ya ɗagawa da shi sosai, ya kuma ƙara ramewa, "amma tunda kin ce ba komai, hankalinmu a kwance yake." Na nuna mata bugun zuciyar jaririnta, na yi mata murmushi, na sallame ta. Tana fita na kulle ƙofa na yi kuka.

Tsoro nake ji ta ko'ina. Ina tsoron ya mutu saboda maganata. Ina tsoron in faɗa masa gaskiya ya ce na cuce shi, magana ta zaga masallaci da kasuwa, mata su daina zuwa, mahaifiyata ta kasa fita. Ina tsoron in tayar masa da hankali a ƙarshe ya zama tabo ne kawai. Yanzu duk hoton da aka miƙo mini sai in duba, in sake dubawa, ko'ina inuwa nake gani. Hotuna nawa na duba a shekara shida? Su wa da wa na ce wa lafiya lau? Har na fara cewa da ma ban je taron nan ba, sai kuma in yi istigfari. Mijina ya lura na daina cin abinci, na ce masa gajiyar tafiya ce.

Anti, in faɗa masa kuskurena ne, ko in yi yadda Dokta Abdulganiyu ya ce? In gaya wa Batulu a halin da take ciki? Ko in ajiye aikin nan tun ban kashe wani ba?

Taki,
Likita mai fargaba, Agege.

Amsa

Wa alaikumus salam, Likita.

Ban jira ranar fitowar jarida ba, na aika miki kwafin amsar nan ta adireshin da kika sa a bayan ambulan, domin maganarki ba ta jira. Na buga ta ne don wasu masu aiki irin naki.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Kuskuren da kika yi a bakin taga, ba wuta, ga jama'a, kuskure ne na ɗan Adam. Kwana goma sha taran nan kuwa da saninki suke wucewa. Kin lissafa mini tsoro iri-iri, amma ki duba da kyau, rabinsu na sunanki ne. Ban ga laifinki ba, kowa yana son mutuncinsa. Sai dai ba za a ɗora suna da rai a sikeli ɗaya ba. Kuma ba ransa kaɗai ba: mutumin da hannunsa ba ya ɗaga buta yana jan tankar mai a kan titi.

Dokta Abdulganiyu yana da gaskiya a wuri biyu. Ba ki san mene ne ba tukuna, don haka kada ki ambaci ciwon daji ga kowa. Na tambayi wani likita da ya yi ritaya, ba tare da na faɗi ko wace ce ke ba, ya ce irin wannan inuwar sau da yawa tibi ce, ita kuwa tana da magani. Haka kuma gaskiya ne mutane ba su san idon likita yana kuskure ba. Inda na rabu da shi shi ne batun ɓoyewa. Kin riga kin gwada, kin ga amsar da ta dawo. Maganarki ce ta kwantar wa Malam Balarabe hankali, babu abin da zai taso da shi sai ke kin janye ta da bakinki.

Gobe da safe ki nemi izini a wurin aiki, ki faɗa wa mijinki komai, ki roƙe shi ya raka ki Apapa. Direbobi suna da shugabanni a inda suke ajiye motoci, sun san wanda ya yi lodi da ranar da ake sa ran dawowarsa, kuma saƙonsu yana isa Gusau kafin wasiƙa. Kada ki faɗa musu ciwonsa, sirrinsa ne. Ki ce kawai likitarsa ta zo da ƙafarta, tana nemansa da gaggawa, kada ya sake yin lodi sai ya gan ta. Zuwanki da kanki zai isar da abin da saƙo bai isar ba. Batulu kuma ki ce mata kin sake duba hoton kin ga abin da ke buƙatar gwaji, ta matsa masa ya zo. Wannan gaskiya ce, kuma za ta iya ɗauka. Sauran bayani shi ya kamata ya fara ji.

In ya zo, ki zaunar da shi, ki ce: "Malam Balarabe, na ce maka ba komai, ashe akwai abin da idona bai gani ba. Na je ƙarin karatu, na dawo na sake dubawa, na gani. Ban san ko mene ne ba sai an gwada. Ka yafe mini." Kada ki jero masa uzurin wuta da janareto. Ki sanar da mai asibiti tun kafin nan cewa haka za ki yi, cikin ladabi, kada ya ji daga waje. Sannan ki rubuta takarda zuwa babban asibiti, ki raka shi ranar farko, domin mutanenmu sukan ɓace a tsakanin layi da layi.

Zai iya yin fushi, yana da hakki. Unguwa ma za ta iya yin magana, ba zan yi miki alkawarin ba za ta yi ba. Amma in kika yi shiru ya dawo a kwance, wani likitan zai tambayi tsohon hoto, a lokacin kuma ba za a ce kin yi kuskure ba, za a ce kin ɓoye.

Batun ajiye aiki ki bar shi. Matar da ta koyar da ke ba ta ajiye ba, shi ya sa kika gane inuwar. Hotunan da ke kabad ɗinku ki ware rana ɗaya a mako ku sake bin su ke da Dokta Abdulganiyu, ku fara da na masu tari da rama. Waɗanda suka tafi da nasu, ki bar wa Allah. Daga yau kuma in babu wuta kada ki yanke hukunci a kan hoto, ki ce a dawo gobe. Abin da kika koyo a Alkahira ki tara abokan aikinki na asibitocin kusa ki nuna musu, domin ba kowa ne zai samu zuwa ba. Fargabar za ta ragu ranar da kika sauke maganar nan.

Ki ci abinci, ki shirya da wuri ki riga cunkoson motoci na Oshodi. Allah Ya ba Malam Balarabe lafiya, Ya sa abin ya zo da sauƙi, Ya sauki Batulu lafiya. Ke kuma Allah Ya ba ki ƙarfin halin kallon idonsa.

Anti Sa'adiya